Abin da Harshe Ya Sani

Recife, ƙarfe biyu na dare.
Ruwa ya ɗauke tun tara,
amma kwatamin titi bai gama amai ba.
Ina hawa na uku, ni da firji da fanka mai tsaki,
da faranti mai ramuka casa'in da shida,
kowane rami da ɗigonsa ja-ja, kamar ruwan kankana.

Sunana Jucilene. Ba ni ce likitar ba.
Ni ce mai ɗigawa, mai jira, mai rubuta lamba.

Abin da nake ɗigawa ba a saro shi a dawa ba,
ba a tono shi a ƙasa ba.
Feftayid, in ji takarda:
guntuwar tsakiya, 'yan duwatsu talatin da 'yan kai,
irin wadda jiki ke shirya wa kansa
ya sa a miyau, a zufa, a hawaye,
a nonon da jariri ke sha ido rufe.
Ba wanda aka taɓa ba rasit a kanta.

Kakata Zefinha, mai sayar da ƙaguwa a bakin kogi,
in ƙaguwa ta datse mata yatsa
sai ta kai shi baki, ta ci gaba da ciniki.
Ina 'yar makaranta na yi mata dariya.
Yau ga ni da safar hannu ninki biyu
ina awon abin da harshenta ya sani.

Ƙwayar dengi da riga take yawo,
riga mai maiƙo, da ita take lallaɓa ƙofa.
Tsakiyar nan ba ta tambayar suna.
Mannewa take, ta lanƙwashe, ta huda,
kamar asu a cikin adaka,
har rigar ta zama tsumma.
Ɓarawon da aka tuɓe a bakin zaure
ina zai shiga?

Bara, a watan ruwa, ɗana Valdemir
ya ce bayan idonsa na ciwo.
Kwana shida ina zaune kan kujerar roba,
ina ƙirga ɗigon ledar ruwa,
dasashinsa na jini, ina gogewa da gefen riga.
Na tambayi likita magani.
Ta ce, ruwa da haƙuri.
Ya tashi. Yaron gadon kusa da taga bai tashi ba.
Har yau ina tuna silifas ɗinsa, shuɗi, ƙafa ɗaya a kife.

To, ga lambar daren yau:
a layi na huɗu cutar ta ragu ƙwarai,
har na sake ƙirgawa don kada in yaudari kaina.
Amma layi na bakwai, inda na ƙara awo,
jajayen ƙwayoyin jini sun fashe su ma.
Wuƙa ba ta san mai gida ba.
Kuma in ta shiga jini ba ta daɗewa,
jikin da ya haife ta shi ke cinye ta
kafin shayi ya huce.

Anacleto ya shigo da bokiti da tsumman goge ƙasa,
tsoho ne, dengi ta kwantar da shi sau biyu.
Ya ce, an dace?
Na ce, a faranti an dace.
Ya matse tsumma, ya dube ni:
mu dai ba faranti ba ne.

Na ce na sani.
Na rubuta: gobe a canza dutse na goma sha ɗaya,
a rage awo, a sake.
Wannan ne karo na ɗari biyu da wani abu.

Sauro ɗaya na jikin taga ta waje,
ƙafafu dabbare-dabbare, yana jiran gari ya waye.
Na jawo littafin in rufe,
gefen takarda ya yanke ni a ɗan ali.
Kafin in tuna inda auduga take
yatsan ya riga ya kai baki.